Lamba Arba'in da Ɗaya

Zariya, 9 ga Satumba

Taubashina Yazid,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Sa'adiyya da yara. Yaya gwiwar Kawu, har yanzu a zaune yake sallah? Ka durƙusa ka gaishe mini da shi da kyau, ba irin gaisuwarka ta tsaye ba. Yaya damina, yaya mutanen Wagini? Mu nan alhamdulillahi, sai karatun nan da ya hana ni sakat.

Na kira ka ya fi sau ashirin kafin aka gaya mini an rufe layukan waya a wajenku gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Shi ya sa na koma biro da takarda. Rabe direba, mai kawo wake nan daga Batsari duk mako, ya ce zai riƙa kai mana yana kawowa.

Albishirinka, na gama rubuta maƙalar. Wata biyu na yi ina fama da kwafin rajistarka ta marasa lafiya har na mayar da ita Turanci, shafi goma sha ɗaya. Duk abin da ka yi a shekara biyun nan yana ciki: yadda ka tara 'yan acaɓa goma sha biyu ka koya musu tsayar da jini, da kwantar da mai jijjiga, da goya marar lafiya da zani a kan babur har asibitin Batsari ko Safana. Mujallar da na zaɓa ba ta buga komai sai aikin ceto da ake yi kafin a isa asibiti, kuma za ta fitar da bugu na musamman kan ƙauyukan da ba su da motar asibiti. Ƙarshen watan nan za su rufe karɓa. In Allah ya sa ta fito, ranar da ka sake zuwa Katsina neman a horar da 'yan acaɓa a sauran gundumomi, ba mai ce maka labarin baki ne.

Sai dai ka ɗaure mini kai da lokutanka. Mujallar tana so a faɗi minti nawa aka yi daga kira zuwa isa asibiti. Kai kuwa ka rubuta "an aiko bayan azahar, an isa kafin la'asar". A wani wurin ma "da hantsi" kawai na gani. Yaya zan sa hantsi a jadawali? Sannan ka aiko mini da takardar izinin bincike da kwamiti ya ba ka, ta asali.

Abu na ƙarshe, kada ka ji komai: zan cire sunanka da nawa da na garin daga kwafin da za a ba masu dubawa. Ƙa'idarsu ce, don kada su san mai aikin su yi son kai. Turawa har cewa suke dubawar makafi ce. A shafin farko, wanda edita kaɗai ke gani, sunanka ne a sama.

Uwargijiyarka, ko ka so ko ka ƙi,
Mas'uda

*

Wagini, 16 ga Satumba

Malama Mas'uda,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun gode Allah da jin kuna lafiya. Baba ya amsa gaisuwa, gwiwa da sauƙi. Sa'adiyya ta yi zazzaɓi kwana uku amma ta miƙe. Gero ya yi kyau, sai dai gonakin nesa da gari ba a iya zuwa, kin san halin da ake ciki. Rashin waya ya fi komai damunmu. Yanzu in mace ta fara zubar da jini, sai an turo mutum a guje ko a kan jaki kafin in ji.

Ruwa ya kama Rabe a hanya, takardarki kuma tana aljihun gabansa. Shafin farko ya tsira. Na biyu kuwa tawada ta narke daga tsakiya zuwa ƙasa. Abin da na iya tsinta shi ne "zan cire sunanka", sai baƙin tabo, sai "kada su san mai aikin", sai wani tabon, sai "makafi". Na ɗaga ta a rana, na ba Sa'adiyya ta gwada, na ba Kamilu shugaban 'yan acaɓanmu. Kamilu ya ce a fahimtarsa makafi ne za su duba aikin, shi ya sa suna ba shi da amfani. Na ce to wa zai zauna ya karanta masu shafi goma sha ɗaya?

Mas'uda, in wasan taubashi ne ki faɗa mani in yi dariya. In da gaske ne, ban gane ba. Na san ke ce mai digiri, na san Turancina na rubuta magani ne kawai. In mujallar ba ta karɓar sunan ƙaramin ma'aikacin lafiya irina, ki gaya mani kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Ko zan ji, amma zai wuce. Abin da ba na so shi ne in ji a bakin wani.

Maganar minti kuwa, wa ke duba agogo da jini a hannunsa? Abin da kowa ke iya tunawa shi ne an kira sallah ko ba a kira ba. Hantsi kuma hantsi ne, kin manta ne don kin daɗe a birni.

Takardar izini tana ciki, na naɗe ta a leda biyu.

Ni ne,
Yazid

*

Zariya, 23 ga Satumba

Yazid bawan Allah,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Sa'adiyya lafiya, ka ce ta daina wanki a sanyin safiya. Ni ma mura ta taɓa ni, ta sake ni.

Wallahi na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo, daga baya kuma raina ya ɓaci. Ashe har kana tsammanin zan ɗauke maka aiki? Ba makaho ko ɗaya a maganar nan. Likitoci ne masu idanu, sunayenmu kawai ake ɓoye musu, mu ma a ɓoye mana nasu. In an buga, sunanka ne na farko, nawa na biyu, su Kamilu kuma a wurin godiya. Na tambayi kaina ko ya dace a sa sunayensu a fili da yadda hanyoyinku suke. Ka tambaye su. In suna tsoro sai mu ce "'yan acaɓa goma sha biyu" kawai.

Na samo dabarar lokaci. Na nemo jadawalin lokutan sallah na Katsina na shekara biyun, na bi kowace rana na ƙiyasta. Zan faɗa a maƙalar cewa ƙiyasi ne, in bayyana yadda aka yi. Malamina ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, bai kuma san ko za su yaba ko za su kore mu ba. Hantsi dai ya gagare ni. Na sa daga tara zuwa sha ɗaya. In ba haka ba ne ka gyara mini.

Yanzu ga wani abin. Rajistarka ta ƙare a lamba tamanin da bakwai, amma da na ƙirga mutane sai na samu tamanin da shida. Na bi sau uku. Daga lamba arba'in sai arba'in da biyu. Ina arba'in da ɗaya? Ko mai fotokwafi ne ya tsallake? Ka aiko mini da layin, ko da hannu ka kwafa. Ranar talatin zan tura, ko ya zo ko bai zo ba.

Wannan karon na sa takardar a cikin robar magani na murɗe murfin, in ga ta inda ruwa zai shiga.

Mas'uda

*

Wagini, 1 ga Oktoba

Mas'uda,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. An fara yankan gero. Baba ya ce Allah ya yi maki albarka.

To, na gane, ki yi haƙuri. Na faɗa wa Kamilu ba makafi ba ne, ya ce shi dai gara makafin, sun fi tausayi. Na tara su na tambaye su maganar suna. Goma sun ce a ɓoye shi, biyu sun ce a sa da manyan baƙaƙe. Aka yi ta gardama har la'asar, a ƙarshe aka tsaya a kan kada a sa na kowa.

Hantsinki ya yi daidai, sai dai na damina ya ɗan fi na rani jinkiri in akwai hadari.

Maganar lambar nan, injin mai fotokwafin Batsari tsoho ne, yakan ci gefen takarda. Wataƙila kuma ni na yi kuskuren ƙirga. Mutum ɗaya cikin tamanin da bakwai ba zai canja komai ba. Ki bar ta haka. Na san ma kafin wannan ta iso kin riga kin tura. Allah ya sa mu ji alheri.

Yazid

*

Zariya, 4 ga Nuwamba

Yazid,

Assalamu alaikum. Kwana biyu shiru, Rabe ya ce motarsa ce ta kwanta. Ina fata kuna lafiya, an kuma shigar da amfanin gona lafiya. Yaya Kawu da sanyin da ya fara?

Amsa ta zo. Ba su karɓa ba, ba su kuma ƙi ba. Sun ce a yi babban gyara a sake turawa kafin ashirin ga Disamba. Malamina ya ce wannan labari ne mai daɗi. Ni dai da na karanta ban ji daɗin ba, shafi huɗu na tambayoyi.

Mai dubawa na farko mutumin kirki ne amma da alama bai taɓa ganin acaɓa ba. Ya tambaya wace irin jiniya baburan ke da ita, a ina ake rataye tukunyar iskar numfashi, kuma me ya sa ba a kira lambar gaggawa ba. Ya ce a zana masa yadda ake goya babba da zani. Lokutan sallah kuwa sun burge shi, ya ce a faɗaɗa bayanin.

Na biyun ne matsala. Ni ma da laifina: a taƙaitaccen bayani na rubuta tamanin da bakwai, a jadawali tamanin da shida, ban lura ba. Shi ya lura. Ya ce maƙalar ta nuna ba wanda ya rasu a hanya cikin shekara biyu, kuma ga mutum ɗaya ya ɓace ba bayani. Ya ce ba ya zargin kowa, amma in marubuta sun cire wanda sakamakonsa bai yi kyau ba, aikin gaba ɗaya ba abin dogaro ba ne. Edita ta ja layi a ƙarƙashin wannan, ta ce in ba a warware ba ba za su ci gaba ba.

Na koma kan kwafin. Injin bai ci komai ba, Yazid, gefen takardar lafiya lau yake. Wurin layin fari ne tas, kamar an ɗora wata takarda a kai. Na rasa yadda zan fassara wannan. Sai na duba kwanan wata: lamba arba'in ran sha ɗaya ga Agustan bara, arba'in da biyu ran sha tara. Makon da Inna ta rasu ke nan. Na san lokacin hankalinka ba ya jikinka, kai ka tsaya a kan komai kafin in iso. In ka manta ka cike layin ne saboda zaman makoki, ba abin kunya ba ne, sai mu faɗi haka. Ka tambayi su Kamilu ko wani zai tuna wanda aka ɗauka a makon. Ko ka ba Rabe rajistar ta asali ya kawo mini.

Ina jira.
Mas'uda

*

Wagini, 12 ga Nuwamba

Mas'uda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ban manta ba. Ni na ɗora takarda a kan layin kafin in ba mai fotokwafi. Lamba arba'in da ɗaya Gwaggo Hadijatu ce, mahaifiyarki.

An gaya maki kububuwa ta sare ta a gonar gyaɗa a ƙauyenku Darini, aka kai ta asibiti ta cika a can. Na farkon gaskiya ne. Ta hana a gaya maki don kina jarrabawa, ta hana a gaya mani don ta san abin da zan ce. Kwana biyu ana ba ta jiƙo a gida. Sai rana ta uku, da dasashinta ya fara jini, yayanki Sharfaddeen ya kira ni daga Safana ya ce in je in gani. Bayan azahar kaɗan muka isa Darini ni da Kamilu.

Tana zaune a kan tabarma, ƙafar ta kumbura har cinya, amma bakinta yana nan. Na ce, "Gwaggo, yanzu za mu tafi Batsari." Ta dubi baburin, ta dubi zanin da ke hannun Kamilu, ta ce, "A goya ni? Ni da na goya ubanka? A bi da ni ta tsakiyar gari a ɗaure a bayan ɗan mutane kamar buhun dawa? Ka nemo mota, Yazidu." Na ce mota sai a Batsari. Ta ce, "To a je Batsarin a zo da ita, ina nan, ba inda za ni."

Mas'uda, mutum arba'in na ɗora a babur kafin ita. Akwai waɗanda suka zage ni, akwai wanda ya tofa mani miyau, ban saurari kowa ba, cicciɓa nake in ɗora. Ita kuwa sau ɗaya ta ce a'a na ce to. Na kasa sa hannu in ɗaga yayar ubana tana cewa kada a taɓa ta. Na tura Kamilu ya nemo a-kori-kura. Wadda ya samu tana sauke kaya, da ta taso kuma ta maƙale a laka. Ba ta iso ba sai da rana ta yi ja. Da babur, da tun kafin la'asar muna asibiti.

A bayan motar ta cika, kanta a cinyata, muna hango fitilun Batsari. Na ce wa direba ya ci gaba. Muka shiga da ita asibiti, likita ya duba ya tabbatar. Shi ya sa da aka ce a asibiti ta rasu, ba wanda ya ji ya yi ƙarya. Ni da Sharfaddeen da Baba muka bar shi a haka.

Ban sani ba ko awa huɗun nan ne suka kashe ta ko kwana biyun farko. Na tambayi likita, ya ce Allah kaɗai ya sani. Na rubuta ta a rajista ranar, da hannuna, don aikina ne. Amma da kika ce in aiko maki, na kasa bari ki tsinci uwarki a jadawali.

Ga rajistar nan na ba Rabe. Ki yi abin da kika ga ya dace da ita, da ni.

Yazid

*

Zariya, 19 ga Nuwamba

Yazid,

Na karanta. Kada ka sake rubuto mini komai tukuna. Ina zuwa.

Mas'uda

*

Wagini, 27 ga Nuwamba

Mas'uda,

Salamu alaikum. Na san kin ce kada in rubuto, amma hankalinmu ya tashi. Lafiya kuwa?

Kin ce kina zuwa, ba ki faɗi rana ba. Na ɗauka Asabar ce, sai na je tashar Batsari tun da safe. Duk motar da ta taso daga Katsina sai na leƙa. Lahadi ma haka, Litinin ma haka, har 'yan kamasho suka fara tambayata ko amarya nake jira. Sa'adiyya ta gyara maki ɗaki, ta yi dambun zogale sau biyu yara suka cinye. Na tura Kamilu Safana ko kin sauka gidan Sharfaddeen, ya ce bai ma san da maganar ba, yanzu shi ma ya shiga damuwa. Baba yana tambaya kullum ko an ji wani abu ya faru a hanya. Rabe ya rantse ya gan ki da idonsa ranar Juma'a kina lafiya, amma ya ce ba ki yi mashi wasa ba kamar yadda kika saba.

Na karanta layi ukun nan naki ya fi sau hamsin. Wani lokaci in ga kamar za ki zo ne ki tsare ni gaban Baba. Wani lokaci in ga kamar kabarin za ki. In kin fasa ne don ba ki son ganina, ki faɗa, zan tafi Safana in kwana biyu ki zo ki ga Kawunki a sake.

Ko layi ɗaya ne ki ba Rabe, don tsohon nan.

Yazid

*

Zariya, 3 ga Disamba

Yazid,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ka ba Kawu haƙuri, ka ba Sa'adiyya haƙurin dambunta. Ni ba tafiya nake nufi ba. "Ina zuwa" na ce, irin wadda mutum ke faɗa in yana so a dakata masa. Ban taɓa kawowa za ka je tasha ba. Da na karanta kwana ukunka a can sai na rasa dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

Kwana goma ban buɗe kwamfuta ba. Na buɗe rajistar dai, na ga rubutunka. "Mace, shekara sittin da uku, saran maciji." Layin nan na wuce ta kansa wata biyu ina neman sa kamar ɓataccen kuɗin goro, ina tsokanarka.

Ba zan ce maka na yafe ba, don har yanzu ban gane me zan yafe ba. Yau in tashi ina jin haushinka da ka saurare ta. Gobe in tuna wace ce Inna, in tambayi kaina ko ni da nake 'yarta zan iya ɗaga ta tana cewa a'a. Jibi kuma in ji haushin jarrabawar da ta sa aka ɓoye mini. Abin da na tabbata ya yi mini ciwo shi ne ku uku kun zauna kun yanke abin da zan iya ɗauka. Wannan kada ku sake.

Na rubuta wa edita na gaya mata komai: cewa an cire mutum ɗaya, wanda ya cire da dalilinsa, da cewa matar uwata ce kuma gwaggonka. Na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana huɗu ta amsa. Ta yi mana ta'aziyya. Ta ce a mayar da ita cikin lissafi, a rubuta abin da ya faru a fili ba tare da suna ko gari ba, a kuma bayyana dangantakarmu da ita. Ta ce masu karatu suna buƙatar sanin abin da ake yi in marar lafiya mai hankalinsa ya ƙi hawa, don wannan tambaya ce da ba a gama amsa ta ko a ƙasashensu ba. Ba ta yi alkawarin bugawa ba. Za a sake mayar wa masu dubawa.

Na rubuta sakin layin da kaina. Sau tara na goge.

Ga takardu biyu. Ta farko ta yardar iyali ce, ni ba zan sa hannu ba tunda ina cikin marubuta, ka kai wa Yaya Sharfaddeen. Ta biyu taka ce, kowane marubuci yana cike ta ya faɗa ko yana da wani rikici game da aikin. Su dawo kafin sha bakwai ga wata. Zanen yadda ake goyon kuma har yanzu mai dubawa na farko yana jira.

Mas'uda

*

Wagini, 11 ga Disamba

Mas'uda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba ya samu barci tun da takardarki ta zo. Ya ce in gaya maki shi ya fara cewa a ɓoye, in za ki yi faɗa ki fara da shi. Yara lafiya, Sa'adiyya na gaishe ki.

Na je Safana ranar Laraba. Sharfaddeen ya sa na fassara mashi takardar kalma bayan kalma, sannan ya tambaya ko za a sa cewa ta ƙi hawa babur. Na ce za a sa. Ya ce, "To a sa, haka aka yi." Ya sa hannu.

Tawa takardar ce ta ɗaure mani kai. Kin ce in faɗa ko ina da rikici. Da wa? In da mujallar ce, ba ni da shi. In da ke ce, ke za ki faɗa mani. Na sa hannu a ƙasa na bar akwatunan biyu, na e da na a'a, ba komai, ki cike wanda yake gaskiya. Zanen kuma Kamilu ya yi, na san mutanen sun yi kama da tulu, amma ɗaurin daidai yake.

Akwai abin da ya faru ranar Litinin da nake so ki ji daga gare ni. Kin tuna Malam Tayyib, wanda ya koya mana allo ni da Sharfaddeen? Ya haura saba'in yanzu. Bijiminsa na huɗa ya soke shi a cinya yana ba shi harawa. Da muka isa jini ya jiƙa zaure. Na ɗaure cinyar daga sama na danne, jinin ya tsaya, amma na san ba zai daɗe a haka ba. Almuhimmi a kai shi inda za a ɗinke jijiyar.

Malam ya ga Kamilu yana warware zani, ya ce, "Me za a yi da wannan?" Na ce goya shi za a yi. Ya ce, "Kai Yazidu, ni za ka ɗaure? Kai da na riƙe hannunka ka rubuta bismillah?" Ya ce a nemo mota. Zauren cike da manyan gari, kowa ya sunkuyar da kai, wani ma ya ce a bi maganar Malam.

Na matsa gabansa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, mota ba za ta same ka da rai ba. Na taɓa jiran mota." Ya dube ni. Bai ce to ba, bai kuma sake cewa a'a ba, sai ya kau da kai. Ban san ko wannan yarda ce a wajen editarki ba. Ni dai na sa hannu na ɗaga shi. Na zauna a bayansa ina riƙe da cinyar, tun daga Wagini har Batsari yana faɗa mani irin rashin kunyar da na yi tun ina yaro, bai manta ko ɗaya ba. An ɗinke, an ƙara mashi jini leda biyu. Yana nan da ransa.

Jiya na je duba shi. Na yi sallama, ya amsa don wajibi ce, ya juya fuska bango. Na gaishe shi sau uku bai tanka ba. Na zauna kaɗan na tashi. Har na kai ƙofa sai na ji ya ce, bai ko juyo ba, "Ɗaurin nan naku yana cin kafaɗar hagu. Ku sassauta wa na gaba."

Naki,
Yazid